Daga Mubi Zuwa Tsibirin Saifurus: Filin Jirgin Da Ka Sauka Shi Ke Zaɓa Maka Masauki

Ba kasafai mutumin Mubi kan haɗa jaka ya nufi wani tsibiri a tekun Bahar Rum don shan iska kawai ba. Abin da ke kai mutanenmu can galibi ɗa ne ko 'ya da ke karatu. Shekaru da dama ke nan jami'o'in arewacin Saifurus suna ɗibar ɗalibai daga Najeriya, kuma idan lokacin yaye su ya ƙarato sai Alhaji da Hajiya su ƙudura niyyar zuwa, a ga yaro cikin rigar kammala karatu, a kuma ɗan huta mako guda ko biyu a bakin teku. Nan da nan hotuna za su fara shigowa ta WhatsApp, gida mai baranda, teku a bayansa, farashi a ƙasan hoton. Kowa a gidan ya nuna wanda ya yi masa. Tambayar da ya kamata a fara yi kuwa hoto ba ya amsa ta: a wane ɓangare na tsibirin gidan yake?

Saifurus, wadda masu karatun littattafan Larabci suka sani da Ƙubrus, ita ce ta uku a girma cikin tsibiran Bahar Rum, bayan Sisili da Sardiniya. Faɗinta murabba'in kilomita 9,250 ne da 'yan kai, wato jihar Adamawa ta ninka ta kusan sau huɗu. Amma hukuma biyu ke iko da wannan ɗan wuri. Tsibirin ya sami 'yanci daga Birtaniya a 1960. A watan Yulin 1974 aka yi juyin mulki da goyon bayan gwamnatin sojan Girka, da nufin haɗe tsibirin da Girka, bayan kwana biyar sojojin Turkiyya suka sauka a arewa. Tun daga nan aka rabu. A 1983 arewa ta ayyana kanta ƙasa, kuma har yau Turkiyya kaɗai ta amince da ita. Kudu, wato Jamhuriyar Saifurus da duniya ta sani, ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ta koma kashe yuro a 2008. Tsakaninsu akwai wani ziri mai tsawon kusan kilomita 180 da dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya ke gadi, ya ratsa har ta tsakiyar babban birnin, Nikosiya.

Mu da ke zaune kusa da iyaka mun saba ganin mutum ya bi ta Sahuda ya shiga Kamaru da safe, ya ci kasuwa da sefa, ya dawo kafin magariba. Kada a ɗauki iyakar Saifurus haka. An buɗe mashigai tsakanin ɓangarorin biyu tun 2003, amma ba kowane fasfo ke wucewa ba. Filin jirgin arewa, Erjan (a tikiti Ercan ake rubutawa), jirage daga Turkiyya kaɗai ke sauka a cikinsa, kuma gwamnatin kudu ba ta ɗauke shi halattacciyar ƙofar shiga ƙasa ba. Mai fasfon Najeriya da ya shigo ta nan kada ya sa rai za a bar shi ya ƙetara kudu. Wanda ya sauka a filayen jirgin kudu, Larnaka ko Fafos, da bizar kudu shi ma ba zai miƙe arewa haka kawai ba, domin 'yan Najeriya na cikin waɗanda hukumomin arewa ke son su nemi biza tun kafin su taso. Ga kuma batun izinin ratsawa ta Turkiyya, wanda ƙa'idarsa kan canza, don haka sai an tambaya a ofishin jakadancinta da ke Abuja kafin a yanki tikiti.

Inda wannan rabuwar tsibirin ta fi taɓa zuciyar Musulmi shi ne batun Ummu Haram bintu Milhan, Allah Ya yarda da ita. Wannan sahabiya ta bi rundunar farko ta Musulmi da ta ƙetara teku zuwa Ƙubrus a zamanin halifancin Sayyidina Usman, ƙarƙashin jagorancin Mu'awiya, ta faɗo daga kan dabbarta ta rasu a can. Kabarin da ake jingina mata yana masallacin Hala Sultan, a bakin tafkin gishiri, dab da filin jirgin Larnaka. A kudu yake. Hajiyar da ta ji labarinsa a wurin karatu ta taso da burin ziyara, in dai ta Erjan ta shigo, to tana iya kwana goma a tsibirin, tazarar ba ta kai ta Mubi zuwa Yola ba, amma ba za ta taka wurin ba. Gara a faɗa mata tun a gida.

To a ce arewa aka nufa, tunda can ɗalibin yake. Garuruwa uku ne za a yi ta jin sunansu. Nikosiya, wadda Turkawa ke kira Lefkosha, tana tsakiyar tudu, babu teku, kuma a watannin Yuli da Agusta zafinta kan haura digiri 40. Kada ɗan Mubi ya ce ai ya saba. Lokacin da mu ke samun sauƙi da damina, su a lokacin suke ƙuna, ruwansu sai Disamba zuwa Fabrairu. Girne na bakin teku ta arewa, bayan duwatsu, tana da tsohuwar tashar jiragen ruwa da ganuwa, ita ce 'yan yawon buɗe ido suka fi so, kuma ita ce ta fi cin aljihu. Famagusta na gabas, inda Jami'ar Eastern Mediterranean take, da masallacin Lala Mustafa Fasha wanda asalinsa majami'a ce aka mayar masallaci bayan Usmaniyawa sun ci garin a 1571. A ganina, ga iyalin da suka je don ɗalibi, kusanci da makarantarsa ya fi kyan teku muhimmanci. Kuɗin tasi na kai-da-kawo kullum sai ya cinye duk rangwamen da aka samu a wancan gida mai nisa.

Akwai wani abu da dillali ba zai fara faɗa ba. Bayan da Turkiyya ta rufe gidajen caca a ƙasarta a 1998, harkar ta ƙaura arewacin Saifurus, shi ya sa da yawa daga manyan otal-otal na wajen Girne suna haɗe da gidan caca. Dattijon da ke neman inda zai shimfiɗa darduma cikin natsuwa ya kamata ya san haka. Wannan na cikin dalilan da suka sa gidan haya mai madafa ya fi dacewa da iyalinmu: Hajiya ta yi girkinta, kowa da ɗakinsa. A tallar gidajen za a ga an rubuta 1+1 ko 2+1. Lambar farko yawan ɗakunan kwana ce, ta biyun falo. A tambaya ko ban-ɗakin yana da wurin tsarki da ruwa, a tambaya hawa na nawa ne, da ko akwai lif, saboda gwiwar manya.

Sai batun kuɗi. Lirar Turkiyya ake kashewa a arewa, amma saboda yadda darajarta ke zubewa, masu gidaje da yawa da fam na Ingila suke yanka haya. Mutum ya tashi da naira, ya sayi dala, a faɗa masa farashi da fam, ya yi cefane da lira, kuma a kowane canji ana gutsure wani abu. Kafin a ce an amince, a sa mai gida ya rubuta da wane kuɗi za a biya, nawa ne kuɗin ajiya, yaushe za a mayar, kuma ko wutar lantarki na cikin lissafi. Na'urar sanyaya ɗaki da za ta kwana tana aiki a watan Yuli ba ƙaramar wuta take sha ba. Katin naira kuma ba abin dogaro ba ne a ƙasar waje.

Kafin alƙalami shi ne ramin da aka fi faɗawa. Shafuka irin su Airbnb da Booking.com suna da amfani guda biyu: ana ganin abin da baƙin da suka gabata suka ce, kuma akwai shaidar biya. Duk wanda ya ce a bar shafin a tura masa kuɗi kai tsaye don a samu ragi, a yi hattara da shi, ko da da Hausa ya yi maganar. Iyalin da ke da ɗa a can suna da abin da baƙon Turai ba shi da shi, wato ido. Yaron ya je da ƙafarsa, ya buɗe famfo, ya kunna fitila, ya kira gida ta bidiyo daga cikin ɗakin. Dalilin wannan taka-tsantsan a fili yake: Najeriya ba ta da ofishin jakadanci a arewacin tsibirin, in rigima ta taso sai dai a nemi na Ankara, a Turkiyya. A watan Agustan 2020 ma shugabar hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, Abike Dabiri-Erewa, ta fito ta gargaɗi iyaye game da tura 'ya'yansu karatu can.

Wanda aka ga alamar yana da abin hannu, kafin ya gama hutu za a kawo masa tallar sayen gida gaba ɗaya. Ya tuna cewa rikicin 1974 ya raba Girkawan tsibirin fiye da 150,000 da muhallinsu a arewa, kuma da yawa cikin filayen da ake gini a kai har yanzu da masu su a kudu, riƙe da takardunsu. A 2009 kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa hukuncin da kotun kudu ta yi a kan wasu ma'aurata 'yan Birtaniya da suka gina gida a irin wannan fili ana iya zartar da shi har a ƙasarsu.

Hanyar kanta sai an ba ta haƙƙinta. Daga Mubi zuwa Yola kusan kilomita 200 ne, ta Hong da Gombi da Song, sannan jirgi zuwa Abuja, daga can sama da awa shida zuwa Istanbul, sai kuma awa ɗaya da rabi zuwa Erjan. Jiragen cikin gida kan ɗage tashi, don haka a kwana a Abuja kafin ranar babban jirgi, kuma kada a sa ranar isowa ta zo daidai da ranar bikin. Filogin wutarsu mai ƙafa uku ne irin namu, caja ba za ta ba da wahala ba. Amma a hannun hagu suke tuƙi, abin da Najeriya ta bari tun 1972, saboda haka Alhajin da ke sha'awar ɗaukar hayar mota ya bar wa ɗalibin sitiyari, in yana da lasisin can.