Gamba a Harabar Makaranta

Makarantar tana bakin gari ne, a ɓangaren da Haɗeja ke fuskantar kogi. Da damina, idan ka tsaya bayan ajin ƙarshe, za ka hango shinkafa ta yi kore shar har iyakar ganinka. Da rani kuwa sai ƙarar injinan ban ruwa, da kuyoyin tattasai da albasa, da masunta masu wucewa da komarsu a kafaɗa. Ruwa bai yi nisa da wurin ba ko kaɗan, amma harabar makarantar kanta fili ne fetal, ƙasa ta daskare kamar daɓe, sai darbejiya guda huɗu, wadda mutanen nan suka fi sani da maina, suna ba ofishin shugabar inuwa.

Wannan filin ne ya jawo gardamar da aka kusa shekara ana yi tsakanin shugabar makarantar da dattijon da ke kula da harabar. Ita tana ce masa Baba, shi yana ce mata Hajiya, kuma ba a taɓa jin muryar ɗayansu ta ɗaga ba. Sai dai kowa a makarantar, har mai sayar da awara a bakin ƙofa, ya san ba su daidaita ba.

Hajiya ta je taro Kano ne, ta dawo da tukwanen fulawa a bayan mota, irin waɗanda ake jerawa a bakin titi ana sayarwa: masu faffaɗan ganye kamar na gwaza, wasu da ɗigon ja, wasu da zanen fari. Ta kuma nuna wa Baba hoton wani lambu a wayarta, inda aka shimfiɗa wata shuka mai suna hosta a ƙarƙashin bishiyoyi, ganye kan ganye, babu inda ƙasa ta leƙo. Haka take son gaban ofishinta ya koma, daga nan har bakin get.

Baba ya daɗe yana kallon hoton, ya ce abin ya yi kyau. Daga nan ya tambayi wanda zai riƙa ɗebo ruwa.

Bai san hosta ba, amma tambayarsa ta faɗa daidai. Shukar asalinta Japan da Koriya da Sin, tana son inuwa da ƙasa mai laima, kuma sai ta sami sanyin hunturu mai tsanani ta kwanta ta huta kafin ta sake tohowa. A Haɗeja ruwan sama na kusan wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, a watan Afrilu kuma zafi kan haura digiri 40. Hosta ba za ta ga bazara ta biyu ba a nan. 'Yan uwanta na tukunya da aka kawo daga Kano sun fi ta juriya, amma su ma kullum sai an shayar da su, a makarantar da famfon burtsatse ɗaya ke ɗauke da ɗaruruwan yara, ga alwala, ga girki. Ga awakin unguwa da suka san kowace ɓaraka a katanga. Ga gara.

Shi abin da Baba ya kawo shawara a kai, ciyawa ce. Ya ce a dasa gamba a jikin katangar baya, a jera jema a gefen kwatar da ruwa ke bi idan an yi mamako, kyasuwa kuwa ba sai an shuka ta ba, a daina nome ta kawai a kusurwar gabas. Hajiya ta ɗauka wasa yake yi. Wa ke dasa ciyawa a makaranta, alhali kowace Juma'a sai an fito da ɗalibai da fartanya don a kawar da ita?

A nan, gaskiya, ina bayan Baba, ko da yake ba duka ba. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Malam Madori ko ta Kafin Hausa a ƙarshen damina, ya ga kyasuwa ta fitar da kai ja-ja-ja rana na faɗuwa a bayanta, ya san ba ƙaramin ado Allah ya zuba a dajin nan ba. Gamba tana tashi dami-dami, ta wuce tsayin mutum, iska na kaɗa ta. Idan ta bushe a yanke a saƙa zana, saiwar tana nan a ƙasa tana jiran ruwan farko, ba ta neman ko moɗa ɗaya a tsakani. Jema kuma 'yar fadama ce: ruwa ya kwanta a kanta ba ta mutuwa, ya janye ba ta damuwa, saiwarta mai ƙamshi tana nutsawa can ƙasa ta riƙe gaɓa. A garin da matasa kan kwana suna cika buhuna da yashi don kare jinga, kamar yadda aka yi a 2020 da 2022, shukar da ke riƙe ƙasa ba abin rainawa ba ce.

Amma Hajiya ba ta rasa hujja ba. Ta ce doguwar ciyawa gidan maciji ce, ita kuma 'ya'yan mutane aka ba ta amana. Ta ce da hunturu ashana ɗaya ta isa. Ta ce idan jami'an duba makarantu suka zo suka tarar da gamba a haraba, ba za su rubuta an yi ado ba, za su rubuta an yi sakaci. Sannan ta kawo maganar da ta fi kowace nauyi a wannan yanki: kacala.

Ba za ka fahimci yadda mutumin Haɗeja yake kallon doguwar ciyawa ba sai ka san abin da kacala ta yi masa. A da kogi kan cika da damina, ya malala fadama, ya janye, da rani wurare da dama su bushe ƙayau. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma gudana kusan duk shekara, ba ya kuma zuwa da ƙarfin da zai wanke hanyarsa. Kacala kuwa abin da take so ke nan, ruwa maras zurfi da ba ya ƙafewa. Ta bazu ta cike magudanan ruwa, ta toshe mashigar Marma da ke kai ruwa Nguru, ta cinye gonaki a ƙasar Guri da Kirikasamma, ta hana kwalekwale wucewa. Tsuntsayen jan baki suka sami masauki a cikinta, daga nan suke tashi su afka wa shinkafa da gero. Ruwan da ya rasa hanya sai ya nemi gidajen mutane. Wanda ya sha shiga ruwa har ƙirji da lauje yana yankan kacala a aikin gayya, in ka ce masa ciyawa ado ce, kallon da zai yi maka ya isa amsa.

Baba shi ma ya yi wannan gayyar, tun ƙarfinsa na nan. Abin da ya ce kawai shi ne, ba a hukunta gamba da laifin kacala: ita kacala ta ƙarƙashin ƙasa take rarrafe, gamba kuwa inda ka dasa ta nan za ka same ta, in dai ka yanke ta kafin ta zubar da iri.

Wannan sharaɗin na yanka ba ƙarami ba ne. A shekarun 1930 aka kai gambar nan tamu Ostareliya don kiwon shanu. Can babu mai saƙa zana, babu mai jinka, sai ta fantsama daji, ta riƙa haddasa gobara mai cin manyan bishiyoyi, har a 2012 gwamnatin ƙasar ta sa ta cikin jerin miyagun ciyayi. A Amurka kuwa akwai wata doguwar ciyawar fako, 'yar gida ɗaya da gamba a wurin masana tsirrai, wadda masu lambu ke saye da kuɗinsu su dasa a ƙofar gida, saboda ba ta neman ban ruwa. Wani malamin kimiyya ne ya kawo wannan labarin a ɗakin malamai. Baba ya yi dariya har da tafa hannu da ya ji ana sayar da dangin gamba a tukunya.

Ba a yi wani zama na yanke hukunci ba. Bazara ce ta yanke rabin maganar: kafin ruwa ya sauka, fulawoyin da aka jera a rana daga ofis zuwa get yawancinsu sun ƙone, waɗanda suka tsira daga rana awaki suka ƙarasa. Guda biyar da ke gindin maina suka rage, su ma don Baba ya matsar da su kusa da inda malamai ke alwala. Ban taɓa jin ya ce ai na faɗa ba.

Da ruwa ya zauna, Hajiya ta yarda da jema a bakin kwata, ta yarda da gamba layi ɗaya tak a katangar baya, nesa da azuzuwa, da sharaɗin a share taku uku a gabanta kuma a yanke ta kafin iskar hunturu ta taso. Kyasuwa ce ba ta samu shiga ba; har yanzu ɗalibai na nome ta ranar Juma'a, kuma a ganina an yi asarar ado a nan.

Gambar bana ta ba da zana uku. Biyu an kewaye wurin girki da su, ta ukun kuma ita aka kafa a yammacin tukwanen Hajiya don ta tare musu ranar la'asar.