Digirin Lauya Daga Kano, Kotu a Mayahi: Inda Iyaka Ke Tare Takarda

A ƙauyukan El Alasan Mairairai, cikin gundumar Mayahi ta jihar Maraɗi, da na maƙwabtansu a ƙasar Tasawa, tafiya kudu neman ilimi ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni almajirai ke saɓa allo su nufi Katsina, Kano da Zariya, su komo gida su zauna a zaure su karantar, ba mai tambayarsu hatimin wata hukuma. Yau jikokinsu na shiga jami'o'in Najeriya, wasunsu kuma aikin lauya suke buri. Iyaye kan sayar da dabba da damman gero don wannan buri, ba tare da an faɗa musu cewa digirin lauya ba ya ƙetare iyaka cikin sauƙi kamar sauran takardu ba.

Dalilin yana cikin tarihi. Turawa biyu ne suka raba ƙasar Hausa, kowanne ya bar irin shari'arsa. Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda doka ke rubuce a kundi, sashe bayan sashe, alƙali ya ɗauko ya ɗora a kan matsala. An zartar wa ƙasar kundin hukunta laifuffuka a shekarar 1961, kuma a manyan laifuffuka akwai alƙali na musamman mai bincike tun kafin a shiga zauren kotu. Najeriya ta gaji tsarin Ingila, inda hukuncin da babbar kotu ta yanke a baya yake ɗaure ƙananan kotuna, lauyoyi biyu kuma su ne ke fafatawa, kowa na yi wa shaidun abokin hamayyarsa tambayoyin ƙure. Ko rabon aikin ma ya bambanta. Lauyan Najeriya shi ne mai tsayawa a kotu, shi ne mai rubuta takardar cinikin gida. A Nijar akwai ayyukan da doka ta keɓe wa notar, mai tabbatar da takardu, da wisiye, mai isar da sammaci da zartar da hukunci, lauya ba ya taɓa su.

Mu ɗauki yaron da ya gama shekara biyar a Jami'ar Bayero ta Kano, ko Ahmadu Bello ta Zariya, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Ko a Najeriyar bai zama lauya ba tukuna. Sai ya shiga Makarantar Horon Lauyoyi ta ƙasa, wadda aka kafa da dokar 1962, mai hedikwata a Bwari kusa da Abuja da reshe a Bagauda ta jihar Kano. In ya ci jarrabawa, majalisar dattawan lauyoyi ta rantsar da shi, a rubuta sunansa a Kotun Ƙoli. Duk wannan wahala, ranar da ya bi ta Jibiya da Ɗan Isa ya komo gida, ba ta ba shi ikon sa rigar lauya a kotun Mayahi ko ta Maraɗi.

A gida, hanyar daban ce. Nijar na ƙarƙashin ƙa'idar da ƙungiyar UEMOA ta zartar ranar 25 ga Satumba 2014, wadda ta daidaita aikin lauya a ƙasashe takwas masu kuɗin sefa na yammacin Afirka. Ana neman digirin shari'a mai zurfi, wanda hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu ta amince da shi, ko wanda aka tabbatar daidai yake da shi. Saboda haka matakin farko ga mai takardar Kano shi ne neman a daidaita masa ita. Bayan nan sai jarrabawar shiga aikin, wadda ake kira CAPA, sannan shekara uku yana koyon aiki a ofishin wani lauya kafin ƙungiyar lauyoyi, ƙarƙashin shugabanta batoniye, ta sa sunansa a babban jeri. Kundayen da ake jarraba shi a kansu da Faransanci suke, kuma ba a koya masa su a Kano ba.

Ga abin da ke ci mini rai. Wannan ƙa'ida, tare da wadda ta gabace ta a 2006, ta ba lauyan da ke cikin jerin Yamai damar ya je Dakar, Lome, Bamako ko Bisau ya kare wanda ya ɗauke shi, har ya buɗe ofishi in ya so. Dokokin kasuwanci na OHADA, da aka sa wa hannu a 1993, sun haɗa ƙasashe 17 da babbar kotu guda a Abijan, kuma lauyan Nijar na iya tsayawa gabanta. Amma Katsina, wadda ba ta kai kilomita 150 daga Maraɗi ba, wadda muke aure da ciniki da zaman makoki tare da ita, ƙofarta a rufe take gare shi. Najeriya ba ta cikin UEMOA, ba ta cikin OHADA. Ga ƙasar da ke waje kuwa, ƙa'idar da ake bi ita ce cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: in kin buɗe wa lauyoyina, in buɗe wa naki.

Ta ɗaya gefen ma haka ne. Wanda ya yi karatu a waje yana son aiki a Najeriya sai ya fara da wani zango na share fage a Makarantar Horon Lauyoyi, inda ake koya masa tsarin mulkin ƙasar, dokar laifuffuka da dokar filaye, kafin ya shiga aji ɗaya da sauran ɗalibai. An tsara zangon ne don masu digiri irin na tsarin Ingila. Mai takardar Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko ta Tawa galibi sai ya koma jami'a. Babban Jojin Najeriya na da ikon ba baƙon lauya izinin tsayawa a shari'a guda, amma dokar ta ce sai wanda ya fito daga ƙasar da tsarinta ya yi kama da na Najeriya. Ko wannan ma ba ya hana gwamnati tsare ƙofarta. A 1962, lokacin da ake tuhumar Cif Obafemi Awolowo da cin amanar ƙasa, ya ɗauko lauya Gratiaen daga Landan, aka hana shi shiga ƙasar. Awolowo ya kai ƙarar ministan cikin gida, Alhaji Usman Sarki, kotu ta ce 'yancin zaɓen lauya bai kawar da ikon hukuma a kan wanda zai shigo ba.

Ba na ganin laifin kowace ƙasa don ta tantance. Ingila na da jarrabawar SQE tun 2021, Faransa ma na da tata ta baƙin lauyoyi. Wanda zai riƙe 'yancin mutum ko gonarsa a hannu dole ya san dokar wurin. Lauyan da ya ƙware a dokar filaye ta Najeriya ta 1978, wadda ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, zai ɓata manomin Mairairai in bai san dokar karkara ta Nijar ta 1993 ba, da kwamitocin filaye da ta kafa, da matsayin takardar sulhun da mai gari ko sarki ke bayarwa kafin magana ta kai kotu.

Sai dai tantancewa daban, toshewa daban. Mafi yawan lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune, fiye da kilomita 600 daga Maraɗi. Talakan da aka cinye wa gona, ko makiyayin da aka toshe wa burtali, ko matar da aka hana gadonta, sau da yawa shi kaɗai yake tsayawa gaban alƙali. Alhali a irin waɗannan shari'o'i na aure, gado da gonakin gargajiya, dokar Nijar ta yarda kotu ta yi aiki da al'adar masu shari'ar, tare da mashawarta masana al'ada, kuma al'adar Bahaushen nan ta cuɗu da fiƙihun Malikiyya. Littattafan Risala da Muhtasar da ake karantawa a Tasawa su ne ake karantawa a Kano, jami'o'in arewacin Najeriya kuma suna koyar da shari'ar Musulunci tare da ta boko. Yaron da ya komo da wannan ilimi, yana jin harshen mai ƙara ba tare da tafinta ba, ba ƙaramin jari ba ne. Ga shi kundin mulkin da aka zartar a Nijar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci harsunan aiki. Ashe Ingilishin da ya yi karatu da shi bai kamata ya zame masa cikas ba.

A yanzu 'yan kasuwar Maraɗi masu hulɗa da Kano sukan ɗauki lauya biyu, ɗaya a kowane gefe. Mai hali ke iya wannan. Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka ta CEDEAO a watan Janairu 2025, amma hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauni a Yamai, an yi ta ne don irin wannan buƙata. Ina kira ga ƙungiyar lauyoyin Nijar da takwararta ta Najeriya, musamman rassan Katsina da Kano, su zauna su fitar da gajeren zangon cike giɓi da jarrabawa bayyananniya ga 'ya'yan ƙasashen biyu, maimakon a ce mutum ya koma farko.

Kafin a kai can, kai uba da ke shirin tura ɗanka kudu, da ke ɗaliba mai wannan buri, ku fara yanke shawarar ƙasar da za a yi aikin. In a gida ne, ku nemi bayani a rubuce daga ma'aikatar ilimi mai zurfi da ofishin batoniye a kan matsayin takardar jami'ar da kuka zaɓa, kuma kada a saki Faransanci, tun kafin a biya kuɗin shekarar farko.