Lens na miliyoyi: ko kwalliya tana biyan kuɗin sabulu?

Kamfanin Canon na Japan yana da lens biyu masu tsawo ɗaya, milimita 50, kuma kyamara iri ɗaya ake ɗaura wa su biyun. Na farko an rubuta f/1.8 a jikinsa, nauyinsa giram 160, ya shigo kasuwa a 2020 a kan dala 199. Na biyu f/1.2 aka rubuta masa, nauyinsa giram 950, ya fito a 2018 a kan dala 2,299. Idan ka tsaya wuri guda ka ɗauki mutum guda da kowannensu, faɗin abin da zai shiga hoton bai bambanta ba, amma kuɗin ɗaya ya ninka na ɗayan fiye da sau goma sha ɗaya. Mai hoton biki da ciniki ya fara buɗe masa, da matashin da ke ɗaukar bidiyo don YouTube, duk sukan kai matakin da za su ƙyalla ido a kan na biyun, don sun ga manyan sana'a suna rataye da shi. Kafin a fasa asusu, ya kamata a san abin da rarar kuɗin take saya.

Lambar da ke bin harafin f girman ƙofar da haske ke bi ya shiga kyamara take nunawa, kuma lissafinta a juye yake: ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Ana raba tsawon lens ne da lambar, abin da ya fito shi ne faɗin ƙofar. A lens mai milimita 50, f/1.8 ƙofa ce mai faɗin milimita 28, f/1.2 kuma mai kusan 42. Idan faɗin ƙofa ya ninka biyu, hasken da ke shiga huɗu yake ninkawa. Masu hoto suna da jerin da suka haddace: 1, 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16. Duk taki ɗaya da aka yi zuwa ƙaramar lamba, haske ya ninka biyu. Haske mai yawa kuwa yana ba kyamara damar ƙiftawa cikin hanzari, ta kama mai motsi kafin ya gusa, shi ya sa ake ce wa irin waɗannan lens masu sauri.

A nan lissafin yake da daɗi. Lens ɗin da ake haɗo wa ƙananan kyamarori a kwali, mai zuƙowa daga 18 zuwa 55, idan aka zuƙo shi ƙarshe ƙofarsa f/5.6 ce. Wanda ya ajiye shi ya sayi f/1.8 ya samu haske kusan ninki goma da kuɗi kaɗan. Wanda ya ajiye f/1.8 ya koma f/1.2 kuwa, ninki biyu da kwata kacal ya samu. Daga f/1.4 zuwa f/1.2 ƙarin bai ko kai rabi ba. Wato babban tsalle na farkon ne, kuma shi ne mai araha. Duk abin da ya biyo baya ƙaramin taki ne da babban kuɗi.

Akwai zamanin da wannan ƙaramin takin yake raba wanda ya dawo da hoto da wanda ya dawo hannu rabbana. Fim ɗin da ake sa wa kyamara a da ba ya saurin jin haske. Ana auna wannan saurin da lambar da yau ake kira ISO: fim mai launi na Kodachrome yana da 25 da 64, baƙi da fari na Tri-X da 'yan jarida suka fi so yana da 400. Da magariba ta kawo kai, sai dai a kunna filasha ko a tattara kaya. Don haka kamfanoni suka shiga tseren faɗaɗa ƙofa. Canon ya fito da f/0.95 a 1961. Leica na Jamus ya fito da Noctilux mai f/1.2 a 1966, ya ƙara buɗe shi zuwa f/1 a 1976. Kamfanin Zeiss ya ƙera wa hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, lens mai f/0.7, guda goma kacal aka yi. Daraktan fim Stanley Kubrick ya sayi uku, aka sake fasalin kyamara don ta karɓe su, ya ɗauki wasu fitowa na fim ɗinsa Barry Lyndon na 1975 da hasken kyandir. Mai ɗaukar fim ɗin, John Alcott, ya ci kyautar Oscar. Sai dai 'yan wasan sun ɗanɗana kuɗarsu, domin dole su yi ta takatsantsan da motsi, da mutum ya ɗan sunkuyo gaba ya fita daga saiti.

Yau wannan hujjar ta yi rauni ƙwarai. Kyamarar zamani mai babbar sensa, wato abin da ya maye gurbin fim, tana ba da hoto mai kyau a ISO 3200 ko 6400. Da yawa suna da na'urar da ke gyara rawar hannu, ga kuma manhajojin kwamfuta masu share tsaki-tsakin da duhu ke bari a hoto. Abin da f/1.2 zai ɗauka a ISO 1600, f/1.8 zai ɗauke shi a wajen 3600, kuma mai kallo a fuskar waya da wuya ya gane wanne ne wanne.

To in ba haske ba, me ya rage? Kamannin hoton. Kowane lens tazara ɗaya yake saitawa tsaf. Gabanta da bayanta akwai ɗan yanki da ido ke karɓa a matsayin mai kyau, abin da ya wuce nan sai ya koma dishi-dishi. Idan ƙofa ta buɗe, yankin nan tsukewa yake yi. Shi ne sirrin hoton nan da za ka ga amarya ta fito rangaɗau, kujerun roba da wayoyin lasifika da yaran da ke leƙe a bayanta duk sun narke, fitilun zauren sun zama ƙwallayen haske. Gaskiya yana da kyau, kuma a wurin da bayan mutum ba shi da tsari yana rufa asiri. Wannan shi ne hajar da ake sayarwa a yau.

Amma abin da ke narkar da baya, shi ne dai ke cin fuska. Ɗauki lens mai milimita 85, wanda masu hoton fuska suka fi so, ka buɗe shi f/1.2, ka tsaya mita ɗaya da rabi daga amarya. Yankin da zai fito tsaf bai wuce kimanin santimita biyu ba. Idan ta ɗan karkata kai, idon da ke kusa da kai zai fito har ana ƙirga gashinsa, na nesa ya dusashe. Ɗan kunnen da aka kashe wa kuɗi ya zama hazo. Idan ta ɗago hannu don a ga lalle, sai ka zaɓa: ko lallen ko fuskar. In kai ko ita wani ya ja numfashi ya gusa kaɗan, saiti ya bar ido ya koma kan hanci, kuma ba za ka lura ba a ƙaramin allon kyamara sai ka je gida ka buɗe a kwamfuta, lokacin taro ya watse. Sababbin kyamarori masu bin ƙwayar ido da kansu sun rage wannan asara sosai, amma ba su faɗaɗa santimita biyun nan ba.

Sai a zo hoton taro. Ƙawayen amarya sun jeru sahu biyu cikin anko, ko dangin ango sun tsaya wasu a gaba wasu a baya. Babu mai hoto mai hankali da zai ɗauke su a f/1.2, don sahun baya ba za su gane kansu ba, kuma uwar amarya ba ta biya kuɗi don a narkar mata da 'yan uwa ba. Dole a tsuke ƙofa zuwa f/4 ko f/5.6. A wannan matakin, lens na dala dubu biyu da na dala ɗari biyu aiki kusan ɗaya suke yi. Ka lissafa kaso nawa na aikin biki ne irin wannan.

Rana ma tana da nata. A tsakiyar rana mai ƙuna irin ta Kano ko Damagaram, ko an sauke ISO zuwa 100, f/1.2 yana buƙatar ƙiftawa mai saurin kusan kashi ɗaya cikin 18,000 na daƙiƙa. Yawancin manyan kyamarori a 8,000 ƙiftawarsu take tsayawa, ƙananan a 4,000, sai wasu sababbi masu ƙiftawar lantarki ne ke zarce haka. In ba haka ba hoto ya ƙone fari fat. Mai bidiyo ya fi shiga uku, tunda shi a wajen ɗaya cikin 50 yake aiki. Maganin shi ne a ɗaura wa lens baƙar filta mai rage haske. Wato ka biya miliyoyi don haske ya ƙaru, ka sake biya don a rage shi. Filtar ma ta babban Canon ɗin nan ta fi tsada, domin bakinsa milimita 77 ne, na ƙaramin 43.

Tsadar ba zalunci ba ce kawai. Hasken da ya bi ta gefen gilashi ba ya haɗuwa wuri ɗaya da wanda ya bi ta tsakiya, kuma babbar ƙofa gefen take buɗewa. Shi ya sa tsofaffin lens masu sauri, in an buɗe su duka, hoto yake fitowa da laushi, kusurwoyi su yi duhu, bakin farin abu ya yi zane mai ruwan shunayya ko kore. Gyaran wannan sai da ƙarin gilasai masu wuyar sassaƙa. Ƙaramin Canon ɗin nan gilasai shida ne a cikinsa, babban goma sha biyar. Nikon ya kai abin ƙarshe a 2019 da Noct mai milimita 58 da f/0.95: gilasai goma sha bakwai, nauyi kilo biyu, kuɗi kusan dala 8,000, kuma ba ya saita kansa, da hannu ake murɗawa. Noctilux f/0.95 na Leica, wanda ya fito a 2008, ya haura dala 10,000. Nauyi kuwa ba a jin sa a shago. Sai an wuni da shi daga ɗaurin aure zuwa dina, wuyan hannu da kafaɗa su ba da labari.

Kada a ce na zalunce su. Sababbin f/1.2 na Canon da Nikon da Sony sun rabu da laushin nan na da, a buɗe suke fitar da hoto mai kaifi. Kuma kamfanoni a kansu suke zuba mafi kyawun aikinsu: jiki mai ƙwari, da robar da ke toshe kafofi don ƙura da yayyafi, abin da ƙaramin ba shi da shi. Wanda ya taɓa aiki a waje cikin ƙurar hunturu ya san amfanin wannan. Akwai kuma aikin da ƙarin hasken yake da rana har yanzu: mutane masu motsi cikin duhu a inda filasha za ta ɓata yanayi ko ta dami jama'a, kamar rawa a zaure mai ƙarancin fitila, ko majalisin dare. Na'urar gyara rawar hannu ba ta tsayar da mai rawa. Mai hoton fuska da manyan kwastomomi ke nema saboda wannan narkakken bayan, shi ma lens ɗin jarinsa ne, kuma yana mayar da kuɗinsa.

Tsakanin biyun akwai matsakaita. Sigma ya fito da 50 mai f/1.4 a 2014 a ƙasa da dala 1,000, kuma ya yi suna wajen kaifi. Kamfanonin Sin irin su TTArtisan da 7Artisans suna sayar da f/0.95 a kan 'yan ɗaruruwan daloli, na murɗawa da hannu, masu laushi in an buɗe su duka. Sun dace da mai son gwaji, ba su dace da mai bin amarya tana tafiya ba. Wayar hannu kuwa, ko an rubuta mata f/1.8, kada lambar ta ruɗe ka. Lens ɗinta gajere ne ƙwarai, ƙofar 'yan milimita ce, narkewar bayan da kake gani galibi manhaja ce ke zana ta, shi ya sa wani lokaci take gutsure gefen ɗan kwali.

A ganina, mafi yawan masu hoto ba sa buƙatar wuce f/1.8, in sun matsa f/1.4. Rarar kuɗin ta fi amfani in ta tafi ga fitila mai kyau da lemarta, da kyamara ta biyu don ranar da ta farko za ta ƙi tashi ana tsakiyar kamu, da batura da katin ajiya. Fitila ɗaya da aka san inda za a ajiye ta tana canja fuska fiye da rabin taki na ƙofa.

Wanda zuciyarsa ta nace, akwai gwaji mai sauƙi. Kowane hoto na dijital yana ɗauke da bayanin lambar f da ISO da aka ɗauke shi da su, ana gani a kwamfuta. Ya duba aikinsa na watannin baya. Idan yawanci a f/2.8 zuwa f/5.6 yake, ba shi da aikin ba wa f/1.2. Idan kullum lens ɗinsa a buɗe yake har ƙarshe, ISO ya kai maƙura, kuma duk da haka hotuna suna lalacewa don duhu, to yana da hujja. Ko a nan ma ya fara da haya ko aro na biki ɗaya, ya ƙirga hotuna nawa ne saiti ya zauna a kan ido. In na hannu zai saya, ya haska tocila ta bayan gilashin ya duba ko fumfuna ta yi saƙa a ciki, ya ɗaura shi a kan tasa kyamarar, ya ɗauki rubutun jarida a f/1.2 daga kusa da kuma daga nesa, ya buɗe hotunan a babban allo kafin ya ƙirga kuɗi.