Ƙarar Kunne da Hanyar Motsa Ƙwaƙwalwa Ba Tare da Tiyata Ba

Ƙarar kunne, wadda likitoci ke kira tinaitas, ita ce mutum ya riƙa jin sauti a kunnensa ko a cikin kansa alhali babu abin da ke yin ƙarar a waje. Wani yana jin kamar kukan gyare, wani kuma kamar ƙugin inji daga nesa. Wani nazari da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin kashi 14 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna fama da ita, wato fiye da mutum miliyan 740.

Sau da yawa matsalar tana farawa a kunne amma ta zauna a ƙwaƙwalwa. Idan sassan ji na can cikin kunne suka lalace saboda tsufa ko yawan hayaniya, saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa yana raguwa. Sai ɓangaren da ke kula da ji ya ƙara ƙaimi, tamkar rediyon da aka ƙure wa murya alhali bai kama tasha ba. Wannan ne ya sa masana suka fara gwada kwantar da wannan ɓangare daga waje, ba tare da an tsaga kai ba.

Hanyar da aka fi bincike a kanta ita ce ta bugun maganaɗisu, wadda Anthony Barker da abokan aikinsa suka fito da ita a Ingila a 1985. Ana ɗora na'ura a gefen kai, sama da kunne, ta riƙa aika bugu a hankali, galibi ɗaya a kowace daƙiƙa. Majiyyaci yana zaune a farke, kuma yakan koma gida a ranar. Akwai kuma hanya ta biyu, inda ake manna faifai biyu a fatar kai a tura lantarki maras ƙarfi na kimanin minti 20.

To, shin tana magani? A nan ne ya kamata a yi hattara. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2015, an raba mutum 64 gida biyu, aka yi musu zama na kwana 10. Cikin 32 da aka yi wa bugu na gaske, 18 sun samu sauƙi, yayin da 7 kawai suka samu cikin 32 da aka yi wa na kwaikwayo. Amma wani gwaji mafi girma da aka yi a asibitoci da dama na Jamus, aka wallafa a 2017, bai ga wani bambanci tsakanin rukunonin biyu ba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wannan na'ura a 2008 don ciwon damuwa ne, ba don ƙarar kunne ba. Har ila yau, a 2014 ƙungiyar likitocin kunne, hanci da maƙogwaro ta ƙasar ta shawarci likitoci kada su mayar da ita maganin yau da kullum. Saboda haka duk wanda ya yi alƙawarin warkar da ƙarar kunne da inji tashi guda, to ya faɗi abin da bincike bai tabbatar ba, kuma bai dace a sayar da dabba ko hatsi saboda shi ba. Bugu da ƙari, hanyar tana da haɗari ga masu farfaɗiya da masu wani ƙarfe ko na'ura a cikin kai.

Abin da ya fi amfani shi ne a fara zuwa asibiti a duba kunnen. Wani lokaci dauɗar kunne ce kawai, ko kuma magani irin su kwinin, asfirin mai yawa ko allurar jentamaisin. Na'urar taimaka wa ji, da sauraron sauti mai taushi da dare, da shawarwarin ƙwararru suna rage damuwar ga mutane da yawa. Idan ƙarar a kunne ɗaya take, ko tana tafiya da bugun zuciya, ko ta zo tare da jiri ko ɗaukewar ji kwatsam, to kada a jinkirta. Ana iya tura majiyyaci sashen kunne na babban asibiti, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Ana kira ga hakimai, dagatai da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi da su faɗakar da masu injin niƙa, maƙera, masu walda da masu aiki kusa da janareta su riƙa sanya abin toshe kunne lokacin aiki, a kuma rage ƙarfin lasifika a wuraren bukukuwa.