Dutsen Jigawa ko Dutsen Alhaji? Yadda Google Ke Gano Ɗan Kasuwa

Mai sayar da dabino a Dutse yana fama da wata matsala da takwaransa na Kano bai san da ita ba: sunan garinsa. Wanda ya rubuta "Dutse" a Google yana iya faɗawa Dutsen Alhaji ta Abuja, ko ma a nuno masa hoton dutsen gaske. Don haka duk inda ɗan kasuwa zai sa adireshinsa, a shafinsa na intanet ne ko a Facebook ko TikTok, kalmar Jigawa ta biyo bayan Dutse, sunan shago da lambar waya kuma su zama iri ɗaya a ko'ina. Da waɗannan ne injin bincike ke gane cewa shago ɗaya ake nufi.

Wannan kyauta ne. Abin da ke cin kuɗin mutane daban yake.

Akwai masu bin 'yan kasuwa da daɗin baki, su ce a ba su wasu dubbai su kawo mabiya dubu goma, shafi ya hau saman Google cikin mako guda. Tun a 2014 Matt Cutts, wanda a lokacin ke shugabantar sashen yaƙi da shafukan bogi a Google, ya bayyana cewa yawan mabiya a Twitter ko yawan masu danna alamar so a Facebook ba ya cikin ma'aunin jera shafuka. Yawancin adireshin intanet da ake liƙawa a waɗannan kafafe ma yana ɗauke da wata alama, wadda aka ƙirƙiro a 2005, da ke gaya wa injin bincike kada ya ɗauke shi a matsayin shaida. Mabiyan saye kuwa ba sa tambayar farashi, balle su sayi mudu ɗaya. Tun 2012 kuma Google ya tsananta wa masu sayen adireshi a shafukan banza don a ɗaga su, har wasu suka koma can ƙasa.

To ina amfanin kafafen? Yana wajen mutane. Wata a Kaduna ta ga bidiyon dabinon kasuwar Shuwarin ta Jigawa ana aunawa gab da azumi, sunan shagon ya zauna mata, bayan kwana biyu ta neme shi a Google. Wani ɗan jarida ya gani, ya yi rubutu, ya sa adireshin shafin a jaridarsa; irin wannan shaidar ce Google ke girmamawa. Tun 10 ga Yulin 2025 kuma, hotuna da bidiyon da ake wallafawa a fili a asusun kasuwanci na Instagram suna iya fitowa a binciken Google. Sai dai a yi rubutu a ƙarƙashin hoton, da kalmomin da mai saye zai buga: dabino, riɗi, zoɓo, sari, Dutse, Jigawa. A tuna cewa mutane da yawa ba sa sa ƙugiya idan suna rubutu a waya, "zobo" suke bugawa.

Tallan da aka fi so a nan, wato na status ɗin WhatsApp, Google ba ya ganinsa sam. Bayan awa 24 ma ya ɓace.

Mai ɗinki a unguwar Takur ko mai gidan abinci kusa da Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda ke kawo baƙin ɗalibai gari, zai fi amfana da rajistar shagonsa a Google Business Profile. Ba a biyan ko kwabo, kuma shago zai fito a taswira da lokacin buɗewa.

Wanda ya jingina kasuwarsa kacokan ga kafa ɗaya ya tuna 2021: gwamnatin tarayya ta rufe Twitter daga Yuni har zuwa Janairun 2022, Facebook da WhatsApp da Instagram kuma suka ɗauke kusan awa shida ranar 4 ga Oktoba. Shafin kansa ne kawai ke hannunsa, shi ma idan da sunansa da imel ɗinsa aka yi rajistar. Sau da yawa yaron da aka ba aikin buɗe shafin ne ke riƙe da kalmar sirri, ranar da aka ɓata kuma ya tafi da ita.