Abin da ya sa birekar soket ke yawan faɗuwa, da yadda ake gano matsalar

A gidaje da shaguna da dama a biranen ƙasar nan, abu ne da aka saba gani a jona dutsen guga ko hita, nan take wutar soket-soket ta ɗauke alhali fitilu na ci. A je akwatin rarraba wuta a ɗaga birekar da ta faɗi, bayan ɗan lokaci ta sake faɗuwa. Idan abin ya ishi mai gida, sai ya kira mai gyara ya ce a sa masa babba wadda za ta daina damun mutane. Wannan mataki shi ne mafi haɗari, domin faɗuwar bireka alama ce ta wata matsala da ke cikin layin, kuma sauya ta da babba bai kawar da matsalar ba, rufe bakin mai gargaɗi kawai aka yi.

Aikin bireka

Wutar da ke shiga gidaje a Najeriya tana da ƙarfin bolt 230, kuma kowace waya tana da iyakar wutar da za ta ɗauka ba tare da ta yi zafi ba. Ana auna wannan da ampiya. Layin soket yawanci ana jan sa ne da waya mai kaurin milimita 2.5, a sa masa bireka mai ampiya 20 idan layin ya miƙe ne daga akwati zuwa soket na ƙarshe, ko mai ampiya 32 idan ya zagaya ya dawo akwatin kamar zobe. Layin fitilu kuwa waya mai milimita 1.5 ake sa masa da ƙaramar bireka.

Ke nan girman bireka yana bin kaurin waya ne. Duk wanda ya ɗora bireka mai ampiya 40 ko 63 a kan wayar milimita 2.5, ya ba wayar damar yin zafi har robarta ta narke a cikin bango ko silin ba tare da an yanke wutar ba. Haka ma wanda ya ɗaure fiyus ɗin da ya ƙone da guntun waya. Hukumomin kashe gobara sun sha danganta gobarar gidaje da kasuwanni da matsalar wutar lantarki, kuma irin wannan gyaran gangan na daga cikin hanyoyin da take farawa.

Dalilai uku

Na farko shi ne lodi ya yi wa layin yawa. Lissafin mai sauƙi ne: a raba wat ɗin da aka rubuta a jikin kayan da 230. Butar lantarki mai wat 2,000 tana jan kusan ampiya 9, dutsen guga mai wat 1,500 yana jan shida da rabi, hita mai wat 3,000 tana jan 13. Idan aka haɗa ukun a layi guda an haura ampiya 28, wato an zarce ƙarfin bireka mai 20. Alamar wannan matsala ita ce birekar ba ta faɗuwa nan take, sai bayan wasu mintuna, domin zafi ne ke lanƙwasa wani siririn ƙarfe a cikinta sannu a hankali. Raunin wuta ma yana ƙara dagula lamarin, saboda injin firji da na na'urar sanyaya ɗaki suna jan wuta fiye da ƙima idan ƙarfinta ya yi ƙasa, musamman lokacin tashi.

Na biyu shi ne haɗuwar wayoyi, wato wayar da ke ɗauke da wuta ta taɓa ta dawowa ko ta ƙasa kai tsaye. A nan birekar na faɗuwa da zarar an ɗaga ta, wani lokaci da ƙara ko tartsatsi. Ɓeraye da ke cin robar waya a silin, ƙusar da aka buga a bango ta huda waya, da soket ɗin da ya ƙone daga ciki, su ne suka fi haddasa hakan.

Na uku shi ne yoyon wuta zuwa ƙasa. Wannan ya shafi gidajen da aka sa wa na'urar kariya da ake kira RCD, wadda ake gane ta da ɗan maɓallin gwaji a jikinta. Aikinta shi ne kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo. Idan bambancin ya kai miliampiya 30, sai ta yanke wutar cikin ƙiftawar ido, domin wutar da ta ɓace mai yiwuwa ta jikin mutum take bi. Damshin damina a soket ɗin waje, famfon tura ruwa, injin wanki da tsohuwar hita su ne kan gaba wajen kayar da ita.

Abin da mai gida zai iya yi

Matakin farko shi ne a duba wace na'ura ce ta faɗi, kuma a lura da lokacin: nan take ne, ko bayan mintuna, ko sai an yi ruwan sama, ko sai an kunna wani abu takamaimai. Daga nan a zare duk filogin da ke layin. Kashe makunnin soket kaɗai bai wadatar ba, domin yawancinsu waya ɗaya suke yankewa, ɗayar na nan a haɗe.

Bayan an zare komai sai a ɗaga birekar sau ɗaya. Idan ta tsaya, a riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya ana kunnawa. Wanda ya kayar da ita shi ne abin zargi, sai a kai shi gyara. Idan kowanne ya yi aiki shi kaɗai amma ta faɗi da aka haɗa su, lodi ne ya yi yawa, kuma maganin shi ne a rage, ko a ja wa manyan kaya kamar hita da na'urar sanyaya ɗaki layinsu na daban. A kuma kula da ekstenshan, domin filogi mai ƙafa uku ampiya 13 ce iyakarsa, wato kusan wat 3,000, komai yawan ramukan da ke jikinsa.

Idan kuwa birekar ta faɗi alhali babu abin da aka jona, matsalar tana cikin wayoyin gidan. A nan aikin mai gida ya ƙare. A bar ta a kashe, a kira ƙwararre. Haka nan idan aka ji warin ƙonewar roba, ko aka ga soket ya yi baƙi ko yana zafi.

Gwajin da ya kamata ƙwararre ya yi

Sukudireba mai fitila da ake kira testa ba ta nuna komai illa akwai wuta ko babu, kuma ko a nan ma takan yaudari mutum. Aiki na gaskiya yana farawa ne da kashe wutar gaba ɗaya, har da janareta da inbata, a kuma tabbatar da mita cewa layin ya mutu kafin a taɓa waya.

Sai gwajin ɗorewar waya, don a tabbatar kowace waya ta isa kowane soket ba tare da ta tsinke ko ta kwance ba. A layin zobe wannan gwaji yana da muhimmanci ƙwarai: idan zoben ya tsinke a wani wuri, soket-soket za su ci gaba da aiki, amma waya ɗaya ce za ta ɗauki nauyin da aka tsara wa biyu, a ƙarƙashin bireka mai ampiya 32 da ta fi ƙarfinta.

Daga nan sai gwajin lafiyar robar waya, da na'urar da masu sana'ar ke kira Megger. Tana tura bolt 500 cikin layin bayan an zare duk kayan da ke kai, kuma sakamakon bai kamata ya gaza megaohm ɗaya ba. Mita ta yau da kullum ba ta iya wannan aiki, domin batirinta ƙarami ne, ba ya tona raunin da sai wuta mai ƙarfi ke bayyanawa. Idan sakamakon ya yi ƙasa, ƙwararre yakan raba layin gida biyu ya gwada kowane ɓangare, ya sake raba wanda ya nuna matsala, har ya isa ainihin wurin ba tare da fasa bango barkatai ba.

Akwai kuma duba ko an juya wayoyi a bayan soket, da auna ingancin sandar da aka binne a ƙasa, da gwada RCD da na'ura ta musamman. Wadda aka saba sawa a gidaje ya kamata ta yanke wuta cikin ƙasa da kashi uku bisa goma na daƙiƙa idan yoyon ya kai miliampiya 30. Sai bayan duk waɗannan sun fito lafiya ne za a zargi birekar kanta, a sauya ta da mai girma iri ɗaya.

Wa za a kira?

Hukumar NEMSA, wadda doka ta kafa a 2015, ita ke da alhakin duba ayyukan haɗa wutar lantarki da ba masu sana'ar takardar shaidar ƙwarewa a Najeriya, yayin da hukumar SON ke kula da ingancin kaya irin su waya da soket. Mai gida ko mai shago yana da haƙƙin neman ganin wannan shaida, da kuma neman a rubuta masa sakamakon gwajin. Wajen sayen waya ma a yi hattara da mai araha fiye da ƙima, domin akwai wadda alminiyam ce aka lulluɓe da jan ƙarfe, akwai kuma wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta a jikinta ba. Shi kuma maɓallin gwajin RCD, a riƙa danna shi aƙalla sau biyu a shekara. Idan aka danna wuta ba ta ɗauke ba, na'urar ta daina ba da kariya, kuma sauya ta ya zama wajibi ba tare da jinkiri ba.