Warin sabon ofis da abin da ke ƙunshe cikinsa

Duk lokacin da aka yi wa ofis kwaskwarima, aka shigo da sababbin tebura da kabad, aka shafa fenti, akwai wani wari mai ɗan yaji da kan mamaye ɗakin na tsawon makonni. Ma'aikata kan ɗauke shi alamar an samu ci gaba. Amma cikin abubuwan da hanci ke shaƙa a wannan lokaci akwai fomaldihayid, ɗaya daga cikin rukunin sinadaran da masana ke kira kabonil, tare da 'yan'uwansa asitaldihayid da akrolin.

Yawancin kayan ofis na zamani ba katako ne tsantsa ba. Garin katako ne aka matse da gam, kuma wannan gam ɗin ne ke sakin fomaldihayid sannu a hankali. Zafi da laima suna ƙara masa sauri, abin da ya sa lamarin ya shafi gari irin Abuja. Sannan ga ɗabi'ar rufe tagogi ruf tun safe har yamma. Na'urar sanyaya ɗaki da ake kafewa a bango ba ta shigo da sabuwar iska. Ta cikin ɗakin take sanyayawa ta mayar.

Alamun farko ba su da wuyar ganewa: yajin ido, ƙaiƙayin maƙogwaro, tari da ciwon kai, waɗanda kan lafa bayan an tashi aiki. Masu asma sun fi jin jiki. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne daɗewa ana shaƙa. A 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya fomaldihayid cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar ga ɗan Adam, musamman a ƙurya tsakanin hanci da maƙogwaro. A 2010 hukumar ta ƙayyade kada ya wuce miligiram 0.1 a kowace kubik mita ta iskar ɗaki.

Fita waje ma ba tsira ba ce. Salansar motoci a cunkoson Nyanya zuwa Mararaba da hayaƙin janareta suna fitar da waɗannan sinadarai, hasken rana kuma na ƙirƙirar wasu daga hayaƙin. A gida, man da ya ƙone a kasko yana ba da akrolin. Wani bincike da aka wallafa a 2003 ya gano cewa maganin sauro mai hayaƙi guda ɗaya na iya fitar da fomaldihayid daidai da karan sigari 51.

Sabon kaya ya fi fitar da sinadarin, yana raguwa da wucewar watanni, don haka buɗe tagogi a makonnin farko yana da amfani sosai. Jami'an da ke sayen kayan ofis kuwa suna da damar sanya sharaɗi a takardar kwangila cewa katakon ya kasance mai lambar E1, ma'aunin Turai na kayan da ke fitar da fomaldihayid kaɗan.